Tsinke Goma a Hannun Yaro: Martani ga Mai Son a Kori Aikin Hannu da Biki Daga Azuzuwan Farko a Maiduguri

A cikin muhawarar da ake yi kan yadda za a farfaɗo da ilimin firamare a Jihar Borno bayan shekarun tashin hankali, wani marubuci ya fito da ra'ayin da ya samu shiga a wajen iyaye da dama, har da wasu shugabannin makarantu a Maiduguri, cewa ya kamata a kawar da abin da ya kira wasa da shagali daga azuzuwan farko, wato daga aji ɗaya zuwa aji uku, a mayar da ranar makaranta ɗungurungum ga karatu da rubutu da lissafi kamar yadda aka saba, malami a gaban allo, yara a zaune suna amsawa. Abin da yake nufi da wasa shi ne koyo ta hanyar aikin hannu, ma'ana darasin da yaro zai ƙirga tsakuwa ko 'ya'yan dalbejiya, ya mulmula harafi da laka, ya auna ruwa da gwangwani, ya shuka wake ya riƙa duba tsirowarsa. Abin da yake nufi da shagali kuwa shi ne ƙananan bukukuwan da makarantu ke shiryawa, irin su Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da ranar al'adu, da taron ƙarshen zango.

Hujjojinsa suna da nauyi, kuma adalci ya wajabta a kawo su yadda ya tsara su kafin a taɓa su. Ya ce yaran Borno sun yi asarar shekaru, saboda haka ba su da sauran lokacin da za a kashe a kan laka da tsakuwa. Ya ce ajin da ya cika maƙil, malama ɗaya tana fama da shi, in aka raba kayan aiki a cikinsa hayaniya kawai za a samu. Ya ce wannan salo baƙo ne, ƙungiyoyin agaji ne suka zo da shi kuma zai tafi ranar da suka tafi, alhali Borno ta yi suna a duniyar Musulunci da karatu na natsuwa da ladabi. Ya ce bukukuwan makaranta sun zama hanyar tatsar iyaye, kuma ba su dace da garin da da wuya a samu gidan da bai yi rashi ba. A ƙarshe ya kafa hujja da binciken masana, wanda a cewarsa ya nuna yaron da aka bari ya gano abu da kansa ba ya kamo wanda aka koya wa kai tsaye.

Babu mai musun girman asarar da ya ambata. A watan Satumba na 2017, Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, wasu 19,000 sun bar gidajensu, an lalata makarantu kusan 1,400, kuma fiye da kashi 57 cikin 100 na makarantun Borno a rufe suke a lokacin. A cikin Maiduguri kanta an yi shekaru azuzuwa da dama suna zaman ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. Gwamnatin Kashim Shettima da ta Babagana Zulum bayanta sun gina manyan makarantun nan da ake kira mega, musamman saboda marayu, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Saɓanin da ke tsakanin wannan martani da marubucin yana kan abin da za a yi a cikin waɗannan azuzuwa daga lokacin da aka kaɗa ƙararrawar safe zuwa tashi.

Batun lokaci shi ne ginshiƙin ra'ayinsa, kuma a nan ne ra'ayin ya fi rauni, domin ya ɗauka cewa hanyar da yake kira a koma mata ta taɓa barin makarantun gwamnati. Ba ta bar su ba. Duk wanda ya tsaya a bakin tagar aji biyu a Gwange ko Bulumkutu ko Mafoni zai ji abin da ake ji a Kano da Sakkwato: malama ta faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, a kwafe abin da ke allo, a tashi. Bankin Duniya tare da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kashi 90. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta, suna da littattafan rubutu cike da abin da suka kwafa. Wace hanya ce ta yaye su? Tsakuwa ce ta hana su karatu, a makarantun da ba a taɓa sa musu tsakuwa a hannu ba? Idan shekara uku ta amshi ba ta sa yaro ya iya haɗa baƙi da wasali ba, da wane dalili za a yi tsammanin ƙarin sa'a ɗaya ta amshin za ta yi?

Abin da ake kira ɓata lokaci ya kamata a dube shi kusa, a darasi guda. Malama ta rubuta 32 a allo ta ce a ɗebe 7. Yaron da aka koya wa ta baki ya haddace cewa bakwai ba za ta fita daga biyu ba sai an ari ɗaya, amma bai san wane ɗaya ake arowa ba, bai san daga wa ba, bai kuma san me ya sa ɗayan da aka aro ya zama goma ba. Saboda haka idan ya keɓe da takardarsa sai ya ɗebe biyu daga bakwai ya rubuta 35, kuskuren da kowane malamin aji biyu ya sani sarai. Abin da ya kuɓuce masa shi ne darajar gurbi, wato ƙa'idar da ta sa lamba ke samun nauyinta daga wurin da take zaune, har 3 da ke cikin 32 ta zama talatin. To, a ba wannan yaro tsinken tsintsiya, ya ƙirga goma-goma ya ɗaure kowane dami da zare, ya ajiye dami uku da tsinke biyu a gabansa, a ce ya miƙo bakwai. Zai duba biyun, ya ga ba su isa ba, hannunsa ya tafi kan dami ya kwance shi, tsinke goma sha biyu su zube a gabansa, ya miƙa bakwai, ya ƙirga abin da ya rage ya samu dami biyu da tsinke biyar. A wannan lokaci ne malama za ta koma allo ta soke 3 ta rubuta 2, ta ɗora 1 kusa da 2, ta ce masa abin da ya yi da hannunsa ke nan a rubuce. Minti goma sha biyar ne, da tsintsiya guda wadda ta riga ta tsufa. Aron da ya haddace ba tare da ma'ana ba ya zama kwance dami, kuma ranar da aka kai shi ga 302 a ɗebe 7 yana da abin da zai dafa.

Masana sun daɗe da bayyana dalilin haka. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yaro tsakanin shekara 7 zuwa 11 yana iya yin tunani mai tsari, amma tunanin nasa yana jingine da abubuwan da yake gani yana juyawa. Jerome Bruner na Amurka ya tsara wannan a 1966 zuwa matakai uku da sabon ilimi ke bi kafin ya zauna: a aikata shi da jiki, a gan shi a zane, sannan a rubuta shi da alama. Ƙasar Singafo ta gina manhajar lissafinta ta firamare a kan waɗannan matakai tun farkon shekarun 1980, kuma ɗalibanta suna sahun gaba a jarrabawar lissafi ta ƙasa da ƙasa da ake kira TIMSS tun 1995. Ba wanda ya taɓa zargin makarantun Singafo da sakaci ko son wasa. Marubucin yana so a tsallake matakin farko da na biyu a fara daga na uku saboda sauri, alhali yaron da aka fara da shi daga alama shi ne wanda ake komawa a sake koya wa abu ɗaya a aji huɗu da aji biyar.

Wannan komawa baya ba zato ba ne, an gan ta a Borno. Akwai tsarin gyara da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙira, wanda aka fi sani da TaRL, ma'anarsa a koyar da yaro daga inda fahimtarsa ta tsaya maimakon daga inda manhajar ajinsa ta kai. Masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun gwada shi sau da dama a Indiya suka tabbatar da amfaninsa, kuma an fara gwada shi a Borno a 2018 da haɗin gwiwar UNICEF da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. An yi shi ne domin yaran da suka wuce azuzuwan farko ba su iya karatu da lissafi ba. Da me ake gyara su? Ana zaunar da su ƙungiya-ƙungiya a ƙasa, ana ba su katunan baƙaƙe su jera kalma, ana ba su dami da tsinke su gina lamba. Idan maganin ɗan aji biyar da ya kasa shi ne a mayar da shi kan dami da tsinke, wane tattalin lokaci ne a hana ɗan aji ɗaya wannan damin, a jira sai ya yi asarar shekara huɗu?

Binciken da marubucin ya dogara da shi gaskiya ne, sai dai bai faɗi abin da aka ɗora masa ba. A 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa shahararriyar maƙalar da ta nuna cewa mai koyo sabon shiga ba ya amfana idan aka bar shi ba jagora, domin ƙwaƙwalwar da ke riƙe abu na ɗan lokaci ƙarama ce, tana cika da sauri. Wannan hujja ce a kan malamin da zai zube kaya a tsakar aji ya koma kujera, kuma wannan martani yana tare da marubucin wajen ƙin irin wannan malami. Amma darasin dami da aka kwatanta koyarwa ce kai tsaye daga farko har ƙarshe: malama ce ta zaɓi lambar, ita ta ba da umarni, ita ta haɗa aikin hannu da rubutun allo. A 2013 Carbonneau da abokan aikinsa sun tattara bincike 55 kan amfani da kayan taɓawa wajen koyar da lissafi, suka samu cewa suna da fifiko daga ƙarami zuwa matsakaici a kan koyarwa da alama zalla, kuma girman fifikon ya danganta da jagorar malami da irin kayan. Wani binciken na 2009 a Amurka ya gano cewa yaran da aka ba kuɗin wasa masu kama da na gaske sun fi yin kuskure fiye da waɗanda aka ba marasa ado, domin ado yana janye hankali daga lissafin. Ma'anar wannan ga Maiduguri a fili take: marfin kwalba da ƙwallon dabino da 'ya'yan dalbejiyar da ke zube a kusan kowane filin makaranta sun wadatar, har ma suna iya fin kayan roba masu launi da ake jiran a kawo a kwali.

Haka abin yake a wajen baƙaƙe. Yaron da ke ruɗa b da d, balle ɓ da ɗ masu ƙugiya, idan ya zana su da yatsa a rairayi sau ashirin yana faɗin sautinsu bai ci takarda ko ɗaya ba, kuma malama tana iya ganin hannun yara talatin a zagaye ɗaya. Rairayi kuwa ba abin da Maiduguri ta rasa ba ne.

Da'awar cewa wannan salo baƙo ne ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin ta taɓa abin da Barebari ke alfahari da shi da gaskiya. Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, kuma a ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, an kafa wa ɗaliban ƙasar masauki da makaranta a Alƙahira. Har yau Bahaushen da ke son ɗansa ya haddace Alƙur'ani cewa yake zai kai shi gabas. To, yaya ake karatu a tsangayar da ta jawo wannan suna? Kolo, wato ƙaramin almajiri, yana fara babbaƙu da allo a cinyarsa, yatsansa ko tsinke a kan kowane harafi, ba a yarda bakinsa ya wuce inda yatsansa yake ba. Shi ke wanke allonsa ya shanya. Yana girma yana koyon feƙe alƙalami daga kara, da haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da tara itacen wutar karatun dare, har ya kai ga rubuta allonsa da kansa, har a ƙarshe wanda Allah ya nufa ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da rubutun Barnawi da masana suka san shi a ko'ina. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a ƙara wa kowa sai ya biya na jiya. Akwai maimaici mai yawa a tsangaya, akwai kuma tsanani da bara da ba wanda zai kare, amma ba a taɓa raba hannun almajiri da karatunsa ba. Abin da yake baƙo a Borno shi ne ajin da yaro zai zauna hannu rabbana yana kallon allo guda da ke nesa da shi, wanda ba shi ya rubuta ba, ba kuma zai taɓa shi ba.

Malaman da ake karanta littattafansu a zaurukan Yerwa, wato Maiduguri, ma ba su goyi bayan marubucin ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan karatu, domin hana shi da tsananta masa suna kashe zuciyarsa su dusashe basirarsa har ya nemi hanyar kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya keɓe babi guda kan cutarwar da tsanani ke yi wa masu koyo, musamman ƙanana. A ɓangaren boko, makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'ar hannu, kuma dattawan da suka yi firamare kafin shekarun 1980 suna tuna darasin aikin hannu da gonar makaranta, kafin abin ya lalace ya zama a ce wa yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ko ya kawo kuɗinta a ba shi maki. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a bugunta na 2004 cewa koyarwar firamare ta kasance ta hanyar aiki da bincike da gwaji. Duk wannan ya riga zuwan ƙungiyoyin agaji Maiduguri da shekaru. Ko Maria Montessori, mai salon koyarwa ta aikin hannu, wadda makarantun masu hali suke liƙa sunanta a ƙofa a yau, ta buɗe ajinta na farko ne a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum domin 'ya'yan leburori.

Cunkoso matsala ce ta gaske. Manufar ilimin ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma azuzuwan gwamnati da yawa a Maiduguri sun ninka hakan tun lokacin da mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Marte suka kwararo cikin gari. Sai dai cunkoso ya fi cutar da hanyar amshi fiye da kowace hanya, domin a cikin muryoyi tamanin yara goma da suka gane sun isa su ɗauki aji, sauran suna motsa baki, malama ta tafi gida da zaton darasi ya shiga. Idan aka ce kowa ya ɗaga tsinke bakwai sama, wanda ya ɗaga biyar ba shi da inda zai ɓuya. Ana buƙatar tsari, babu shakka: a raba aji ƙungiyoyi, kowace da shugabanta da jakar kayanta, a yi makonnin farko ana koyon rabawa da tattarawa da alamar shiru. Wannan shi ne ladabin da marubucin ke nema, kuma yaro ɗan shekara shida ya fi koyonsa yana jiran layinsa ya karɓi dami fiye da yana kallon bulala.

Game da biki, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗa da ƙarfi. Bikin yaye 'yan nazare da ake ɗinka wa yaro ɗan shekara biyar riga da hula irin ta jami'a, a sa wa iyaye kuɗin anko da na rumfa da na mai hoto, a kama zaure, a zaunar da yara a rana suna jiran babban baƙo, ba shi da alaƙa da koyo, kuma yana kunyata ɗan da ubansa bai iya biya ba. Gwamnatin Jihar Imo ta haramta irin wannan biki ga 'yan nazare a watan Agusta na 2025, wasu jihohi suka bi sahu, kuma babu abin da zai hana Borno duba hakan. Kuskuren marubucin shi ne ya haɗa wannan da kowane irin farin ciki da ake yi a makaranta ya yi musu hukunci ɗaya.

Samfurin bikin da ya dace yana cikin gida. Saukar Alƙur'ani biki ce: ana yi wa ɗalibi allon zayyana, ya sa sababbin kaya, ya karanta a gaban malamai da dangi, a yi addu'a, a yi walima, kuma tun kafin sauka akwai sadakar da iyaye ke yi idan yaro ya kai wasu wurare sanannu a karatunsa. Ƙa'idar da ke ciki ita ce murna tana bin aiki, kuma wanda ake yi dominsa shi ne yake nuna abin da ya iya. Aji ɗaya da ya gama baƙaƙe zai iya keɓe sa'a ɗaya ta ranar Alhamis, a gayyaci iyaye mata da kakanni, kowane yaro ya ɗaga harafin da ya mulmula da laka ya faɗi kalmar da ta fara da shi. Aji biyu da ya cika kwana ɗari da shiga zai iya jera dami goma na tsinke goma ya ga ɗari da idonsa. Aji uku zai iya buɗe ƙaramar kasuwa a inuwar bishiya, a sayar da gyaɗa da dabino da kuɗin takarda, a yi ciniki a ba da canji a rubuta riba. Ba a karɓi ko kwabo daga kowa ba. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba, wadda take lissafin ko ta ɗora wa 'yarta talla gobe, ta ga yarinyar ta tsaya ta karanta jimla da bakinta. Wace takardar sakamako ce za ta yi wa wannan uwa bayanin da wannan sa'a ɗaya ta yi?

Maganar cewa murna ba ta dace da garin da ke cikin juyayi ba, ta fito ne daga zuciya mai tausayi, amma ta ɗora wa yara nauyin da ba nasu ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2025 an haife shi ne wajen 2019, lokacin da sansanonin 'yan gudun hijira na Bakassi da Dalori suke cike, kuma yana ɗan shekara biyar lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da fadar Shehu da Kasuwar Monday, makarantu suka sake zama matsuguni. Irin wannan yaro ya saba da abubuwan da ke faruwa ba shiri. Ranar da aka sa tun da wuri, aka yi makonni ana shirinta, ta zo kamar yadda aka ce, tana koya masa cewa akwai gobe da za a iya dogara da ita, kuma tsoro ba ya barin ƙwaƙwalwa ta riƙe karatu. Addini bai hana ba: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina ranar Idi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar su, Nana A'isha tana kallo. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa wasa da hutu cikin haƙƙin yaro a sashe na 31.

Akwai kuma aikin da makarantar Maiduguri ke ɗauke da shi wanda makarantun wasu garuruwa ba su da shi. A benci ɗaya ana samun Babarbare da Shuwa da Babur da Marghi da Bafulatani da Bahaushe da ɗan duwatsun Gwoza, wasu ba sa jin harshen juna ranar da suka zo. Lauya Zannah Mustapha, wanda ya kafa makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36 kuma ya samu lambar Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira a 2017, ya zaunar da marayun sojoji da na fararen hula da na 'yan tayar da ƙayar baya a aji ɗaya, domin ya fahimci cewa zaman lafiyar Borno ta shekaru ashirin masu zuwa a irin wannan benci ake ƙulla ta. Yara biyu da suke fuskantar allo shiru suna iya shekara ba su yi wa juna magana ba. Waɗanda aka ba gwangwani ɗaya su shayar da wake ɗaya, ko aka ce kowa ya koya wa ɗan'uwansa gaisuwar gidansu saboda ranar al'adu, dole su yi.

Matsayin wannan martani shi ne cewa aikin hannu a ƙarƙashin jagorar malami yana cikin karatu da lissafi na azuzuwan farko, ba ƙari ba ne da ake yi idan lokaci ya ragu, kuma bikin da ya biyo bayan abin da aka koya, aka yi shi a harabar makaranta cikin lokacin karatu ba tare da karɓar kuɗi ba, haƙƙi ne na yaran Borno. Inda marubucin ya cancanci a saurare shi sosai shi ne tsoronsa cewa abin zai mutu idan masu tallafi suka janye, domin duk tsarin da ya rayu a kan bita ta kwana uku da kuɗin zama ba ya daɗewa. Maganin wannan yana hannun Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Maiduguri, inda ake horar da malaman, da kuma masu duba makarantu na SUBEB. Ɗalibin koyarwa da ya je gwaji a aji ɗaya ko aji biyu ya gama zangonsa bai taɓa sa wani abu a hannun yaro ba bai kamata a ba shi makin cin jarrabawa ba, kuma mai duba makaranta da ya shiga aji, bayan ya duba rajista da littafin shirin darasi, ya kamata ya wuce benci na ƙarshe ya nemi yaro guda ya nuna masa da kayan da ke gabansa abin da aka rubuta a allo.